Sake sarrafa shara a makaranta: a nemo mai karɓa kafin a fara tarawa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyyar halittu ce a wata makarantar sakandare a Marwa, ɗalibanmu sun kai 600. Kullum bayan yara sun fita hutun cin abinci, filin makaranta yakan cika da ledojin ruwa da gorunan roba da takardu. Maigadi ya share, ya tara a bayan azuzuwa, ya cinna wuta, hayaƙin ya biyo mu har cikin aji. Ina so in kafa shirin sake sarrafa shara tare da ɗalibai, shugaban makaranta kuma ya ce ya amince matuƙar ba za a nemi kuɗi a wurinsa ba. Na ji an ce kun daɗe kuna wannan aiki a Garwa. Ta ina zan fara, wane kaya nake bukata, kuma yaya zan yi abin ya ɗore?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Abubuwa uku kika tambaya, wato mafari da kayan aiki da ɗorewa, amma a abin da na gani cikin shekarun da na yi ina fama da sharar makaranta, ukun duk suna rataye da magana guda: kada ki bari ɗalibai su tara ko da leda ɗaya sai kin san ƙofar da za ta fita daga makarantar, da wanda zai karɓe ta, da ranar da zai zo. Wanda ya fara da wannan zai tarar kayan aikin da yake bukata kaɗan ne ƙwarai, sharaɗin shugaban makarantarku ba zai dame shi ba. Wanda ya fara da sayen ganguna masu launi kuwa, nan da wata uku zai tarar ya gina wa makaranta sabon juji da hannunsa.

Ya kamata tun farko mu fahimci juna a kan kalmar, domin tana ruɗin mutane. Sake sarrafawa a ma'anarta ta ainihi aikin masana'anta ne, inda ake wanke roba a niƙa a narkar a mai da ita wani abu, ko a jiƙa takarda a mai da ita ɓawo a sake shimfiɗa ta. Makaranta ba ta yin wannan, kuma bai kamata ta gwada ba. Abin da ke hannun makaranta shi ne ta rarrabe shararta tun tana da tsabta, sannan ta tura kowane kashi inda ya dace: wani a sake amfani da shi yadda yake, wani ya koma ƙasa ya zama taki, wani a sayar wa dillalin da zai kai shi ga masu narkarwa, ragowar kuma a kwashe shi zuwa jujin hukuma. Mu nan arewacin Kamaru kashi na uku ne ya fi ba mu wuya, saboda manyan masu sarrafa roba a kudu suke, wajen Duwala da Yawunde. Daga Marwa sai an yi kusan kilomita 500 a mota kafin a isa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, kuma motar da aka cika da gorunan da ba a matse ba iska ce rabin kayanta. Wannan nisa shi ne dalilin da ya sa shirin da ya yi kyau a makarantar Duwala yake iya mutuwa a Marwa ba tare da laifin kowa ba.

Ni kaina da kuskuren na fara. A shekarar farko na samo ganguna huɗu, yara suka shafa musu fenti, muka yi taro da jawabai, cikin makonni kaɗan muka tara tsibin ledojin ruwa da ya kusa kai tagar ɗakin ajiya. Sai a lokacin na fita neman mai saye, na zagaya gari ban samu wanda zai ɗauki abin ko kyauta ba a yawan da muke da shi. Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a cikin ledojin, sauro da wari suka taso, iyayen da ke maƙwabtaka da makarantar suka kawo ƙara. Wata Asabar maigadi ya cinna wa tsibin wuta, kuma ban ga laifinsa ba. Asarar ledar ba ta dame ni kamar abin da yaran suka koya daga gare ta ba, domin sun gani da idonsu cewa wahalar rarrabewa ta ƙare a wuta ɗaya da sauran shara. Shekara guda na yi kafin su sake yarda da ni. Hausawa suka ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mako ɗaya na aunawa

Aikinki na farko ba ya bukatar komai sai sikelin rataye irin na masu sayar da hatsi, wanda za a iya arowa, da buhuna biyar ko shida, da safar hannu, da littafi. Ki roƙi maigadi ya dakata da ƙonawa na kwana biyar, daga Litinin zuwa Juma'a. Kowace rana bayan an tashi, ke da ɗalibai goma ku zube sharar ranar a kan tsohuwar tabarma a inuwa, ku ware ledar ruwa daban, gora daban, takarda da kwali daban, gwangwani da ƙarfe daban, ganye da ragowar abinci daban, sannan abin da bai shiga ko'ina ba. Ku auna kowanne, ku ƙirga gorunan ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta.

Sakamakon zai ba ki mamaki, domin ido yana yaudara. Leda ce ta fi cika fili, amma ba ta da nauyi. Ledar ruwa ta rabin lita, idan ta bushe, giram biyu zuwa uku ce kawai. A ce rabin ɗalibanku 600 kowa ya sha leda ɗaya a rana, ledoji 300 ke nan, abin da bai kai kilo ɗaya ba, a watan karatu mai kwana 20 kuwa wajen kilo 15. Gorar lita ɗaya da rabi tana da nauyin giram 30 ko sama kaɗan, wato sai an haɗa kusan talatin kafin a yi kilo. Gwangwanin lemo na alminiyam sai kusan saba'in. A makarantar da ke da itatuwan darbejiya, kamar yawancin makarantun Marwa, abin da zai rinjayi sikeli shi ne ganye da ƙasar da tsintsiya ta kwaso. Idan kin ga haka a littafinki, kin riga kin san cewa babban aikin shirinku ramin taki ne, kuma kuɗin da za a samu daga roba ba zai taka kara ya karya ba. Gara ki san wannan tun yanzu, ki kuma faɗa wa shugaban makaranta da yara, kafin wani ya fara mafarkin gina aji da kuɗin leda.

Wannan mako darasi ne cikakke a kansa. Malamin lissafi zai samu alƙaluman gaske da yara za su fitar da kashi cikin ɗari da su, ke kuma ki nuna musu lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku a gindin roba: 1 ita ce PET ta gorunan ruwa da lemo, 2 ita ce ta jarkoki, 4 ita ce mai laushi irin ta ledar ruwa, 5 kuma ta bokitai da kujeru da yawan murafe. Dillalai ba sa son a gauraya su, saboda kowace da zafin da take narkewa.

Zagayen kasuwa

Da littafin nan a hannu za ki shiga gari, kuma zai fi kyau ki tafi da wani malami namiji ɗan gari wanda ya san lunguna. Ki fara da matan da ke sayar da man gyaɗa da zoɓo da kunun aya da lemon citta, domin gora mai tsabta da murfinta, wadda ba ta lotse ba, haja ce a wurinsu, kuma da ɗai-ɗai suke saye. A duk inda na gwada, sayar da gora lafiyayya ta wannan hanya ya fi sayar da ita a kilo riba nesa ba kusa ba. Saboda haka ki hana yara tattake gorunan da ba su lalace ba, waɗanda suka fashe ne kaɗai ake matsewa. Daga nan ki je wurin maƙeran da ke zuba tukwanen alminiyam, su ne masu karɓar gwangwanin lemo da tsoffin murafen tukunya. Sai 'yan gwangwan masu sayen ƙarfe, waɗanda za su ɗauki karyayyun ƙafafun benci da tsohon kwanon rufi da ke jibge a bayan kusan kowace makaranta, amma wannan kayan hukuma ne, kada a taɓa shi sai da izinin shugaba a rubuce. A wurinsu kuma za ki ji labarin masu sayen fasassun bokitai da kujerun roba.

Kowa kika samu, ki tambaye shi abu huɗu: me yake karɓa, a wane hali yake son sa, mene ne mafi ƙarancin abin da zai sa ya taso ya zo da kansa, kuma nawa yake biya. Farashi yana hawa yana sauka da kuɗin mota da yanayin hanya da darajar naira a kan iyaka, don haka abin da aka gaya miki a bakin shago a wannan makon shi ne abin dogaro, ki kuma sake tambaya kowane zango. Tambaya ta uku ce ta fi muhimmanci, domin ita za ta gaya miki tsawon lokacin da kaya zai zauna a makaranta da girman wurin ajiyar da kike bukata. Duk abin da ba ki samu mai karɓarsa ba, ki cire shi daga shirin a wannan shekarar, ko da zuciyarki ba ta so.

A wannan zagayen ne kuma za ki warware ainihin abin da ya dame ki, wato hayaƙi. Maigadi yana ƙona shara ne don ba shi da inda zai kai ta. Ko shirinku ya yi kyau ƙwarai, za a bar ragowa, kamar ledar biskit da ta alewa mai ƙyalli da tsumma da fasassun alƙaluman biro. Kamfanin HYSACAM ne ke kwashe shara a manyan biranen Kamaru, har da Marwa da Garwa. Ki sa shugaban makaranta ya rubuta wasiƙa zuwa gare su da kuma ofishin magajin gari, a nemi a sa makarantar cikin zagayen motarsu, ko a nuna muku mazubin da ya fi kusa don a riƙa kai ragowar a baro sau biyu a mako. Wasiƙa ba ta cin kuɗi. Hayaƙin roba kuwa ba abin wasa ba ne ga yaran da ke da asma, kuma idan akwai roba mai lamba 3 a ciki, irin ta bututun ruwa da bayan wayar lantarki, ƙona ta a fili yana fitar da guba mai suna dayoksin wadda ke daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi.

Maganar leda

Leda ce za ta fi ba ki ciwon kai, kuma ba ke kaɗai ba. Gwamnatin Kamaru ta sa hannu a watan Oktoba na 2012 a kan dokar da ta hana ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, wato siririyar leda irin ta cefane, dokar ta fara aiki a Afrilun 2014. A Injamena, babban birnin Cadi, ma magajiyar gari ta lokacin, Marie-Thérèse Mbailemdana, ta tsananta hana leda a 2010 har aka ga bambanci a titunan birnin. Duk da haka kowa ya leƙa Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, da rani, lokacin da ruwa ya ƙafe, ya san inda maganar ta kwana, mahauta kuma za su ba ki labarin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Baƙar leda ta cefane ba ta da mai saye, sirantarta da dattinta sun sa wanke ta ya fi ta tsada. Maganinta kawai a rage shigowarta.

Ledar ruwa ta fi ta kauri, kuma tana da wani amfani da na gwada na ga ya yi: renon dashe. A yanke bakinta, a huda gindinta wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa da aka gauraya da taki da ɗan yashi, a shuka iri. Zogale ya fi dacewa da farko, domin yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, yara suna ganin sakamako da wuri, iyaye mata kuma suna maraba da shi a gida. Sai dai ledar ƙarama ce, dashen ba zai wuce wata biyu a ciki ba kafin saiwa ta matsu, mangwaro kuwa yana bukatar babbar leda tun farko. Ki lura kuma da lissafin da muka yi: ledoji 300 a rana, wurin renon dashe kuwa da wuya ya ci dubu a shekara. Wato wannan hanya tana cinye sharar kwana uku ko huɗu ne kawai. Darajarta a darasi take, ba ta share fili.

Za ki ji ana maganar narkar da leda da yashi a yi tubalin daɓe, kamar yadda gidauniyar tsohon ɗan ƙwallo Roger Milla ta yi suna da shi a Yawunde. Sana'a ce ta gaske, kuma idan akwai masu yin ta a kusa da ku, su ne masu karɓar da kike nema, ki tara musu busasshiyar leda a buhu. Amma ban yarda a kafa tukunyar narka roba a makaranta ba, ko da wa ya kawo shawarar. Narkakkiyar roba tana manne wa fata idan ta zuba, hayaƙinta kuma shi ne abin da kika zo korewa.

Abin da ya fi rage leda a makarantar da na yi aiki bai shafi shara ba ko kaɗan. Ƙungiyar iyaye da malamai ta APEE ta sayi manyan randuna da jarkoki masu famfo, aka ajiye a inuwa, aka sa kowane yaro ya zo da gorarsa daga gida. Yaro yana sayen ruwan leda ne don yana jin ƙishi kuma babu ruwan da ya amince da shi, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40. In an yi wannan, wajibi ne a tsare tsabtar ruwan da wanke mazubin a kai a kai, domin kada a gudu daga leda a faɗa wa kwalara.

Takarda da ramin taki

Takarda tana da sauƙi, amma akwai wurare biyu da ake tuntuɓe. Na farko, duk takardar da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, haka ma shafin kowane littafin addini na Musulmi ko na Kirista, a ware mata kwali na musamman a miƙa wa malamin addini ya yi da ita yadda aka saba. Idan uba ɗaya ya ga irin wannan takarda a ramin taki, shirin ya ƙare a ranar. Na biyu, takardun jarrabawa masu sunan yaro da makinsa kada su fita zuwa wurin mai ƙosai ko mai tsire, domin na taɓa ganin yarinya ta ƙi zuwa makaranta mako guda saboda an ƙunsa wa maƙwabcinsu gyaɗa a takardar da ta ci biyu cikin ashirin. Irin waɗannan a yayyaga su a jiƙa su shiga taki. Sauran kuwa, a ƙarshen kowane zango a tattara tsoffin littattafan rubutu, a cire shafukan da ba a taɓa ba, a ɗinke su da zare a raba wa yara don gwajin lissafi. Kwali kuma a ɗora shi a kan duwatsu ko benci, in ba haka ba gara ta riga dillali.

Ramin taki ya fi tsibi dacewa da ƙasarmu, domin iskar hunturu da rana suna busar da tsibi kafin ya fara ruɓewa. A haƙa ramuka biyu a jere a ƙarƙashin inuwa, nesa da azuzuwa da rijiya, kowanne tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, zurfin da bai wuce santimita 70 ba. A shimfiɗa busasshen ganye kaurin ɗani guda, a bi da kashin awaki ko na shanu da ɓawon ayaba da na mangwaro da ragowar abinci, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika, sannan a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Nama da ƙashi da mai ba sa shiga, saboda ɓeraye da karnuka. Ruwan alwala da na wanke hannu, idan an tara shi a bokiti, ya isa shayar da ramin. Gwajin danshi shi ne a damƙi takin a hannu, ya yi laima kamar tsumman da aka matse ba tare da ruwa ya zubo ba. Gwajin zafi kuma a soka sanda a tsakiya a bar ta ɗan lokaci, in ta fito da ɗumi aiki yana tafiya, in ta fito da sanyi a bushe to ruwa ko kashin dabba ya yi kaɗan. Kowane mako biyu a juye shi daga wannan rami zuwa wancan da shebur da manjagara, ba da hannu ba, domin kunama tana son irin wurin. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya daka. Masu lambun albasa da latas a bakin kogi suna sayen taki mai kyau, amma a shekarar farko wurin renon dashenku zai cinye abin da kuka samu.

Abin da yaro ba zai taɓa ba

Batir kowane iri, musamman babba na mota da na sola mai darma da ruwan guba a ciki, da allura da audugar ɗakin shan magani, da fasasshiyar kwalba, da ƙwan lantarki mai tsawo, duk babban mutum ne zai ɗauke su ya ajiye a rufaffen mazubi. A yankinmu na auduga akwai ƙarin haɗari da baƙo ba zai tuna ba, wato gorunan maganin feshi. Wankewa ba ta raba su da guba. Haka gorar da aka zuba fetur ɗin bakin titi a ciki. Ko ɗaya daga cikinsu kada ta shiga buhun da za a kai wa mai zoɓo, domin alhakin wanda ya sha yana wuyanku. Dalilin da ya sa nake cewa a tsaya ga sharar cikin makaranta ke nan, wadda kuka san asalinta. Yaron da ya yanke da ƙarfe mai tsatsa a wanke ciwon da ruwa da sabulu a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya shafa toka.

Mutanen da za ki bi ta kansu

Kafin ki zo, akwai masu cin abinci da sharar nan. Sau da yawa maigadi ko mai shara yana tsince gorunan yana sayarwa, kuma da su yake sayen goro da sabulu. Idan kika zo da ƙungiyar ɗalibai kika kwashe, kin yi maƙiyi da mutumin da makullin ɗakin ajiya ke hannunsa, wanda kuma shi kaɗai ke makarantar a lokacin hutu. Ki same shi ki gaishe shi, ki ce Baba ga abin da muke so mu yi, yaya kuka gani, ki kuma yanka masa kaso sananne daga kuɗin gora. Matan da ke sayar da abinci a bakin ƙofa su ma a zauna da su, a ba kowace buhu ta rataya kusa da tirenta, a roƙe su su koma zuba wa yara a kwano inda zai yiwu.

Iyaye kuma za su yi magana, domin a wurin mutane da yawa tsintar shara aikin ɗan bola ne, kuma wani zai ce bai biya kuɗin makaranta don a mai da ɗansa haka ba. Ki gabatar da shirin a taron APEE kafin ya fara, ki nuna safar hannu da sabulu, ki bayyana cewa babu yaron da zai je juji. Idan liman ko jauro, wato mai unguwa, ya sa baki da kalma ɗaya a kan tsabta, ta fi jawabinki goma. Abu ɗaya da zan roƙe ki da babbar murya: ki shawo kan malamin ladabtarwa ya daina sa masu latti tsintar leda a matsayin horo. Ba zai yiwu aiki guda ya zama hukunci da safe, da yamma kuma ya zama abin alfahari ba.

Game da ɗalibai, idan makarantarku tana da kulob ɗin abokan muhalli irin wanda ake samu a makarantun sakandare da yawa, ki shiga ta cikinsa maimakon kafa sabo. Ki dogara da 'yan aji biyu da aji uku, domin 'yan ajin BEPC da na Probatoire da Baccalauréat jarrabawa za ta ɗauke su daga zango na biyu. Ki raba aikin daidai tsakanin maza da mata, kada shara ta zama ta 'yan mata, riƙe littafi da sikeli ya zama na samari. Kowane aji kwali ɗaya na takarda da buhu ɗaya na roba sun isa, a fili kuma tsoffin jarkokin mai na lita 20 da aka yanke bakinsu, a ɗaure a jikin itace don iska, a rataya samfurin abin da ake zubawa a jikin kowace, domin yaro ya fi gane gorar da ya gani a rataye fiye da rubutu. Ki guji gasar ajin da ya fi kawo nauyi. Na yi ta sau ɗaya, sai ga yara suna kwaso kaya daga bola, wani ma ya zo da murfin tukunyar mahaifiyarsa, ta biyo shi har ofis. In za a yi gasa, a yi ta ajin da buhunsa ya fi tsabta, wanda ba a gauraya komai a ciki ba.

Kuɗin kaɗan ne, amma ƙaramin kuɗi ne ke kashe irin wannan shiri. Kada ya kwana a jakarki. A rubuta kowane ciniki a littafi da sa hannun ɗalibi ma'aji da malami, a ajiye kuɗin wurin ma'ajin makaranta, a karanta jimillar a gaban kowa ranar Litinin wajen ɗaga tuta sau ɗaya a wata. A fara sayen sabulu da safar hannu da tsintsiya, abin da ya ragu yara su zaɓi abin da za a saya wanda ido zai gani, ko ƙwallo ce.

Tsarin shekara da iyakar abin da na faɗa

Akan koma makaranta a Satumba ana cikin ruwa, don haka ki yi aunawa da zagayen kasuwa a Oktoba, ki fara da abu biyu kawai a Nuwamba, gora da ramin taki. Takarda ta shigo a zango na biyu. Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu dama ce ta nuna wa iyaye abin da aka yi. A shuka iri a Afrilu, a raba wa yara dashen su kai gida wajen 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, domin lokacin dasawa yana faɗawa cikin dogon hutu, sa'ad da babu mai ban ruwa a makaranta sai awakin unguwa. Kafin a rufe makaranta a sayar da komai, a share ɗakin ajiya, kada a bar gora ko leda ɗaya da ruwan sama zai kwanta a ciki.

Abin da ya fi kashe shirye-shiryen da na sani shi ne canjin wurin aiki: malamin da ya kafa ya tafi, abin ya bi shi. Tun daga watan farko ki jawo malami na biyu wanda zai san dillalan da fuskarsa, ki sa a rubuta shirin cikin ayyukan makaranta na shekara da sa hannun shugaba, littafin kuma ya zauna a ofis da lambobin masu saye a shafin farko.

Duk wannan daga makarantar cikin gari na koye shi, inda akwai kasuwa da motar shara. Makarantar ƙauye da ke nesa da dillali ta tsaya ga taki da dashe da rage leda, ragowar kuma ta binne a rami mai zurfi nesa da rijiya, wanda bai kai kwashewa kyau ba amma ya fi ƙonawa kusa da aji. Ki kuma sani cewa iska za ta ci gaba da kawo ledar unguwa ta saman katanga ko da yaranku sun daina yarwa, wannan kuwa sai an haɗa da jauro da maƙwabta. Idan kin kammala makon aunawa, ki aiko mini da alƙaluman kwana biyar ɗin da amsoshin da dillalan Marwa suka ba ki, mu duba tare ko gora da taki ne suka dace da farawa a wurinku ko wani abu dabam.